Makara Ta Bi Doguwar Hanya

Da masu ɗauke da makara suka iso ƙofar shingen gonar gidauniya, sai suka tarar Mai Zuma, maƙwabcin marigayin, ya riga su, ya tsaya cik a tsakiyar ƙofar yana haki.

"Kawu, matsa mana," in ji babban ɗan marigayin. "Hanyar ƙasa ta zama laka, ga hadari ya haɗu. Ta cikin ciyawar nan za mu yanke."

"Ba ta nan ba."

Ciyawar ita ce dogon zirin da gidauniyar ta bari tsakanin gonakin da take ba manoma, da sharaɗin ba feshi, ba takin kanti. Marigayin ne ya nace a bar ta don tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa, har mutane suka laƙaba masa Baban Fakara. Mutum ne mai taurin kai da ƙaramar murya. Shekara da shekaru yana zuba takin tumaki a gonar da ke jikin ta Mai Zuma, suna musu a kan iyaka da safe, su sha shayi tare da yamma.

Jiya ma Mai Zuma yana ɗakin marigayin kafin ya cika. Jikin ya lafe a kan katifa, kwalaben magani a gefen taga, takalmin gona a bayan ƙofa da busasshiyar ƙasa a jikinsa. Matarsa tana ba shi ruwa da cokali.

"Sun ƙyanƙyashe?" marigayin ya tambaya.

"Kai dai ji da kanka, malam," in ji Mai Zuma. "Saura kaɗan."

"To kada kowa ya shiga."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan ga maƙwabcinsa. Mai Zuma ya so a ce wata magana ce mai daɗi, amma ita aka ba shi, ita kuma zai riƙe.

"Kawu, gawa fa muke ɗauke da ita," ɗan ya ce. "Saboda tsuntsu za ka tsayar da babana a hanya?"

"Ƙafa nawa ce a bayanka, yaro? Duba. In duk suka bi ta nan, ko ƙwai ɗaya ba zai tsira ba. Uban naka da yana iya magana, da tuni ya sauko ya kore ku."

Wani dattijo a baya ya yi dariya, ya yi saurin mayar da ita tari. Ɗan ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga daga haɓarsa. Tausayinsa ya kama Mai Zuma ƙwarai, amma bai gusa ba.

"Nisan ne ya dame ku? Kawo nan." Ya ja ƙofar ya rufe, ya sa kafaɗa a gaban makarar. "Mu je."

Suka juya ta hanyar ƙasa. Laka ta kai idon sawu, ruwa ya fara sauka. Gwiwar Mai Zuma na ciwo kamar ana soka mata ƙusa, sau biyu ana cewa ya kawo a karɓe shi, ya yi kamar bai ji ba. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, ya bar shi a nan.

Sai da suka zagaye shingen kaf, ɗan ya ɗaga kai ya dubi ciyawar. Tana tsaye cif, ruwa na gangarowa a jikinta. Can gindin wani tsiro, wata fakara ta kwanta luf a kan ƙwanta, ta bi su da ido har suka wuce.