Abin da Baba Istifanus Ya Gani

"Ku ɗaga tabarmar ma," in ji Kalilu. "Ƙarƙashinta aka gina rame."

Ina tsaye bayan zanar da ta raba gidanmu da na Baba Istifanus, ina leƙe ta wata kafa. Samari biyu sun riga sun fito da kayan ɗakinsa sun zube a tsakar gida, da akwatin ƙarfe, da bargo, da ƙarafan gyaran keke. Shi kuwa yana zaune bisa kifaffen turmi yana kallonsu, kamar kayan wani ake watsawa.

Baba Istifanus mutumin Zuru ne. Aikin hanya ya kawo shi Sabon Birni tun ba a haife ni ba, aikin ya ƙare, shi bai koma ba. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ya shiga soja aka daina jin ɗuriyarsa. Shi kaɗai ne Kirista a unguwarmu, kuma ba wanda abin ya dama sai da fari ya shiga shekara ta biyu. Mun koma cin 'ya'yan itacen anza da dusa, kowa ya sa wa tukunyar maƙwabcinsa ido. Ran Jumma'a, maza duk suna masallaci, aka buɗe rumbun Kalilu aka ɗauke rabin buhun geron da ya ɓoye don iri. Rumbun kuwa daura da ƙofar Baba yake.

Ba a sami ko ƙwaya a ɗakin ba. Mai unguwa Yari ya matso.

"Istifanus, kai kaɗ ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, ranka ya daɗe."

"To ɗauko littahinku ka rantse, kowa shi huta."

"A cikinsa aka hana mu rantsuwa. An ce i ɗinmu ta zama i, a'a ta zama a'a."

"Kun jiya ko?" Kalilu ya ce da ƙarfi. "Ɗiyana mi za su shibka in ruwa ya zo? A'a tai za su shibka?"

Yari ya ɗaga masa hannu. "To, kana bakin ƙoharka. Ka ga wanda yaɗ ɗauka?"

Baba ya gyara zama bisa turmin. Ya ɗan juyo da kai wajen zanarmu, ko kuwa ni ce na ga kamar haka.

"Wanda ya halicci ido ya gani," ya ce.

"Ba Shi muka tambaya ba. Kai muka tambaya."

Baba ya sunkuya ya fara tattara ƙarafansa.

Na koma gindin murhu. A wannan Jumma'ar maigidana, Halliru, bai je masallaci ba. Ya ce cikinsa ke murɗawa, ya fita ya daɗe. Washegari ya shigo da gero ƙulle cikin tsohon rawani, ya ce wani abokinsa na Bafarawa ya ba shi. Ban taɓa jin yana da aboki a Bafarawa ba. Ya kuma ce mini, "Niƙa shi bisa dutse, kak ki daka." Ɗiyarmu Binta a lokacin ƙafafunta sun kumbura, ko kuka ba ta iyawa. Na niƙa, na dama mata kunu, ban tambaya ba.

Daga ranar binciken aka daina kawo wa Baba gyara. In ya je gulbi, inda ake tone yashi a sami ruwa, sai a bar shi tsaye da tulu har rana ta take. Mata suka fara cewa ya sayar wa Buzaye da geron. Wasu suka ce dama zamansa cikinmu ne ya hana ruwa. Maigidana bai sa baki ba, amma na lura ya daina bi ta ƙofar Baba, sai ya zagaya ta bayan gari. In ya ji muryar wani a gidan Baba, sai ya tsaya cik ya kasa kunne.

Bayan wani lokaci na daina jin tarin Baba a tsakar gida, sai daga cikin ɗaki. Da hantsi, maigida ya fita tonon gidan tururuwa neman tsabar hatsi, na zuba kunu a ƙwarya na ɗage zana na shiga.

Ya rame har na ji tsoro. Littafinsa na buɗe bisa ƙirjinsa, amma idonsa a rufe.

"Baba, ni ce Hajo. Ga ɗan ruwan zahi."

Na tallafe shi. Ya shinshina ƙwaryar, ya dube ni.

"Gero ne."

"Awo, Baba."

Ya kurɓa sau biyu, ya lashe leɓe, sai ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "To, yanzu in Kalilu ya ce na ci geronsa, ba ni da bakin musu."

Na ajiye ƙwaryar.

"Baba, wa kag gani?"

"Yaya ƙafar Binta?"

"Kumburin ya sauka. Baba, don Allah, wa kag gani?"

Ya koma ya kwanta. "Ɗiyata, ina yaro, in aka ce mana Allah ya san zamanmu da tashinmu, ya san magana tun ba ta zo bisa harshe ba, tsoro nake ji. In na saci gyaɗa sai in dinga kallon sama. Da na tsufa na ga ashe nan ne hutuna. Ni abin da hannu ya yi kaɗai na gani. Shi ya ga hannun, ya ga abin da aka baro kwance a gida, ya kuma ga Kalilu da gonarsa da ba iri. Ni ban iya haɗa su duka in auna ba."

"Amma kai aka zagi."

"Ana zagina. Da zafi kuwa, ba zan ɓoye miki ba." Ya gyara littafin bisa ƙirjinsa. "An rubuta mana ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa Ubanmu bai sani ba. Ba a ce ba zai faɗi ba."

Da maraice maigida ya ga ƙwaryar. "Ina kinka kai kunu?"

Na gaya masa.

"Mi yac ce miki?"

"Ya tambayi ƙahwar Binta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa.

Kalilu ma ya je wurin Baba. Ina jinsa ta zana, wannan karon ba da faɗa ba. "Istifanus, kana bakin kabari. Ban son geron, an riga an canye shi. Suna kaɗai nika so, in san da wa nika zaune." Baba ya ce, "Ka yafe mini, maƙwabci." Kalilu ya fito ya gaya wa mutane tsoho ya amsa laifinsa.

Baba ya cika ranar wata Talata da walaha. Ni na fara ganinsa. Aka aika garin Isa aka kira wani ma'aikacin asibiti, Kirista, ya zo bisa keke don ya yi masa addu'a. Yari ya nuna wani wuri bayan gari, gefen wata busasshiyar ƙaya, ya tambayi samari wa zai gina kabari. Kowa ya sunkuyar da kai. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, ga yunwa, ga abin da ake faɗi.

Maigidana ya shiga gida ya ɗauko diga.

"Halliru, kai da ɓarawo?" wani ya ce.

Bai waiwaya ba. Shi kaɗai ya gina tun azahar. Binta, da na aika ta kai masa ruwa, ta ce Kalilu na tsaye nesa, hannu a baya, bai kalli ramin ba, babanta yake kallo. Can la'asar sakaliya Yari ya tuɓe riga ya karɓe shi, aka ƙarasa.

Maigida ya dawo ana kiran magariba. Ya zauna bakin ƙofar ɗaki ya buɗe tafukansa, duk sun yi bororo sun fashe, ƙasa ta shiga ciki. Na ɗebo rabin ludayi daga ƙasan randa, na durƙusa gabansa. Na riƙe yatsunsa ina zuba ruwan kaɗan-kaɗan, yana gangarawa ja-ja tsakaninsu, ƙasa na shanye shi tun bai taru ba.