Tsintsiyar Baba Riya

"Shigo mana, ko sai an tara maka 'yan kallo?" in ji Baba Tela daga kan katifa.

Mai Aski ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zani. Kwana tara ke nan tsohon bai fito ba, likita kuma ya ce a mai da shi gida kawai.

Kalma ɗaya ce ta hana Mai Aski sukuni. Shekara uku baya, yana yi wa wani gyaran fuska, ya hango Baba yana share layi kamar kullum, daga bakin famfo har ƙofar masallaci, yana salati da ƙarfi. Sai ya ce, "Wannan ai riya ce, ibadar a-gan-ni." Magana ta yi ƙafa, har kowa ya koma cewa Baba Riya.

"Baba, ka yafe mini. Sunan nan daga bakina ya fito."

"Na sani. Bakinka ya fi askarka kaifi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa Inna ta miƙo ruwa. "Amma ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Riya ce tsagwaronta. Gidan su Innar nan a bakin famfo yake lokacin. Na ɗauki tsintsiya don babanta ya ce ni yaron kirki ne."

"Ya kuwa ce," in ji Inna. "Ni dai na gano shi, don ƙofarmu sau uku yake sharewa."

"To bayan an ba ka ita fa?" Mai Aski ya tambaya.

"Kunya ta hana ni dainawa. Da surukina ya rasu na ce na huta. Gari na wayewa sai ga ni da tsintsiya, na waiga, ba mai kallo. Ban san ranar da riyar ta zube ba, ƙila da shara na kwashe ta." Ya kama hannun Mai Aski. "Na yafe. Tashi ka rage mini gemun nan, kada in tafi kamar bunsuru."

Ya rage masa, Inna na riƙe da madubi.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya cika.

Kwana biyu a tsakani, ledoji da ganye suka rufe layin. Mai Aski ya karɓo tsintsiyar, ya tsaya bakin famfo. Ya duba hagu, ya duba dama. Inna ce kaɗai a taga, tana ƙunshe dariya. Ya sunkuya. Igiyar tsintsiyar ta yi santsi daidai inda yatsun Baba suke kamawa.