Gindin Tankina

Duk tsibirinmu na Nikunau babu wanda ya ga fari irin wanda na gani. Sau biyu kwale-kwale na kifewa da ni, na fito da raina. Ban taɓa zama a aji ba, amma tankin ruwan da na gina da hannuna har yau bai tsage ba.

Daga waje ganga ce ta siminti, irin ta kowa. Abin da ba a sani ba, na haƙa gindinta cikin ƙasa kamar mazurari, famfon kuma na sa shi daidai da ƙasa. In famfo ya ƙafe, kowa ya ɗauka ruwana ya ƙare, ni kuwa sai in zura guga ta sama. Da wannan ruwan nake shayar da lemon tsamin da matata Tabwena ta dasa kafin ta rasu, wanda ba shi da na biyu a ƙauyenmu.

Farin bana ya yi tsanani, rijiyoyi duk suka koma gishiri. Wata rana a maneaba, zauren taronmu, maƙwabcina Kautu ya tsokane ni, wai tsohon da ke cika baki ga shi famfonsa na huci kamar na kowa. Na ce masa duk masu bokon tsibirin nan su taru, ba su iya faɗin abin da tankina ke ci.

Jikata Rereao, malamar lissafi, tana wurin. Washegari ta zo da gora da igiyar awo.

“Kaka, yau zan ƙure ka,” in ji ta tana dariya.

Na ce, “Auna, 'yar takarda, mu gani.”

Ta auna faɗin baki da tsayin bango, sannan ta zura gorar a tsakiya, ta ga ta nutse ta wuce tsayin bangon da kusan gaba guda. Ta tsuguna tana zane a rairayi. Ta ce abu biyu ne a haɗe: a lissafa gangar daban, mazurarin kuma sulusin ganga ne mai faɗinsa da zurfinsa, sai a tara. Wai a ƙasa kaɗai akwai lita dubu uku.

Na ji daɗi, don ta yi daidai, jinina ce. Ita ma daɗin ne ya kai ta ta faɗa a maneaba, wai don a san kakanta gwani ne.

A wurinmu in mutum ya ce maka bubuti, roƙo ne da ba a ƙi, sai dai ka zubar da sunan gidanku. Kautu ne ya fara zuwa da jarka biyu.

“Bubuti, dattijo. Ashe da gaskiyarka.”

Na ba shi. Na ba matar limamin coci, na ba waɗanda ko gaisuwa ba ma yi. Ban hana kowa ba, a tambaya. Kafin wata ya mutu guga na kankarar siminti.

Lemon ya zubar da ganye, ya bushe tsaye. Rereao ta riƙa kawo masa ruwan wankin shinkafarta a kofi, na ce ta bari, ta lissafa min kofi nawa ke ta da matacce.

Yanzu ƙauye kaf ana yabon tankina. Kautu ma ya ce in koya masa haƙa irinsa, kuma da bubuti ya roƙa.