Bugu Biyu a Bangon Banɗaki

Malama na tsaye a tsakiyar falo da tukunyar abinci a hannu, ta rasa inda za ta dire ta, sai mai tayil ya sake kunna injin yankansa a banɗaki. Ƙarar ta shiga mata har cikin haƙora. Kan tebur kwanuka ne da takalma, kan kujera katifa ce a naɗe, firiji kuwa an jawo shi bakin ƙofa an lulluɓe shi da tsohon zanin gado kamar mai zazzaɓi. Ta ajiye tukunyar a kan buhun siminti, ta ce duk abin da zai faru ya faru.

"Mama, kin ga cokalina?"

'Yarta ce, 'yar shekara huɗu, wadda duk layin ke kira Injiniya. Gashinta ya yi fari fat da ƙurar siminti, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Wane cokali kuma? Cokula nawa kika kwashe min a gidan nan?"

"Na aiki."

Kwana goma sha biyu ke nan da fara gyaran, cikin hutun mako uku na makarantar da take koyarwa. Maigidanta ne ya tsara haka: a fasa tsohon banɗaki da kicin a sa tayil tun tana gida tana iya sa ido, tunda shi direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai taka gida ba. Ya tsara, ya ja motarsa ya tafi, ya bar ta da tulin yashi a tsakar gida da yarinya mai tambayar tsiya. Duk yamma sai ya bugo waya, muryarsa a sake, ya ce, "Yaya aikin namu?" Wannan "namu" ɗin shi ya fi ƙona mata rai. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Sunan Injiniya kuwa maƙwabcinsu ne ya laƙaba wa yarinyar. Baba Magini ake ce masa, tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana gini har gwiwoyinsa suka ƙi, kuma bangon banɗakin Malama shi ne bangon ɗakin kwanansa. Ranar da aka fara manna tayil ya dogaro sandarsa ya shigo ba wanda ya gayyace shi, ya kife bokitin fenti ya zauna, ya shiga ba mai tayil umarni kamar shi ya ɗauko shi aiki. A nan ya karɓi cokali daga hannun yarinyar ya ƙwanƙwasa tayil ɗin da aka manna.

"Saurara da kyau. Kin ji wannan? Ya ƙoshi da siminti, shi ya sa ba ya surutu. To ji wannan kuma. Kin ji yana amsawa kamar gwangwani? Cikinsa ba komai, yunwa yake ji. Wata shida zai tsage."

Ranar sai da mai tayil ya ɓamɓare guda uku yana ƙunƙuni. Malama ta yi wa tsohon godiya da baki, a ranta kuwa cewa take yi ina ma ya zauna a gidansa, hutun nan ba jiran kowa yake yi ba.

Ya kuwa zauna a gidan nasa. Daga kwana na takwas ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Amma bai bar aikin ba. Injiniya takan shiga banɗaki ta buga bango sau biyu da cokali, shi kuma ya amsa mata sau biyu da sandarsa daga kan gado. Wata rana har aiko 'yarsa ya yi, wai a faɗa wa mai tayil kwaɓin yau ya cika ruwa, yana jinsa daga yadda cokalin gini ke shafa bango.

'Yar tasa ce ta yi sallama yanzu, Malama na cikin neman cokalin aiki. Tela ce, babbar mace mai ƙarancin magana, har da zare a maƙale a gefen mayafinta.

"Mun dawo da Baba daga asibiti," ta ce. "Likita ya ce mu kai shi gida ya huta."

"Ya ji sauƙi ke nan?"

Tela ta girgiza kai. Injin ya sake ɗaukar kuka a banɗaki, ta ɗan kalli wajen, ta juya ta fita.

Kallon nan ya tsaya wa Malama a rai. Kunya ta kama ta, ta tuna abin da ta yi wa tsohon fata a zuciyarta. Ta tsallake buhuna ta je ta zare wayar injin daga bango.

"Malam, a dakata da aikin nan."

Mai tayil ya sauke ƙyallen da ya ɗaure hanci da shi. "Haba Malama, saura rabin bango fa da bayan ƙofa. Kwana biyu na gama miki."

"Mutum na kwance a bayan bangon nan, rai a hannun Allah."

"To ni wani aikin na jirana. In na ɗauke kayana yau, kafin ki sake ganina sai bayan wata, kin koma makaranta."

"Na sani."

Ta sani ɗin kuwa. Ta san za ta koma aji da banɗaki rabi a gyare, ana wanka da bokiti a lungun tsakar gida. Duk da haka ta tsaya har ya naɗe wayarsa ya fita. Sannan ta tattara cokulan gidan kaf ta ɗora a saman firiji, ta durƙusa ta riƙe kafaɗun Injiniya.

"Daga yau ba buga bango. Baba ba shi da lafiya, barci yake so. Kin ji ni?"

Gidan ya yi tsit kwana uku. Malama ta share abin da zai sharu, ta wanke labule, tana tafiya a hankali kamar a gidan mutane. Har wani ɗan daɗi take ji a ranta cewa ta yi abin da ya dace. A rana ta biyu da hantsi aka buga bango sau biyu daga can. Injiniya ta zabura za ta ruga, uwar ta cafke hannunta.

"Baba ne yake kirana!"

"Juyi ya yi, sandarsa ta taɓa bango. Zauna."

A rana ta uku da la'asar ta ɗauki 'ya'yan itace a leda ta shiga duba shi. Ɗakin ƙarami ne, yana warin man zafi. An jingina shi da filo uku don ya samu numfashi, an matsar da gadon har ya manne da bango, sandar na kwance a gefen hannunsa. A saman kabad ga tsohon cokalin gininsa, bakinsa ya cinye ya yi siriri. Tsohon ya rame har ta so ta kau da kai.

"Sannu Baba. Yaya ƙarfin jikin?"

Ya daɗe yana kallonta kafin ya tattaro numfashi. "Malama, laifin me na yi muku?"

"Laifi kuma, Baba?"

"Kun kashe min rediyo."

Ba ta gane ba, ta dubi Tela. Tela ta ce, "Aikin gidanku yake nufi. Shi ya sa muka matsar masa da gadon. Tun shekaranjiya yake tambaya, wai ko surutunsa ne ya kori mai tayil."

"Ni da na ga kin kalli injin, na ɗauka..."

"Kallo na yi ina cewa ko shi zai ɗebe masa kewa. Da na ji shiru kuma na ce ko siminti ne ya ƙare muku, ban so in tambaya ba."

Tsohon ya ɗaga yatsa. "Shekara arba'in ban wuni a wurin da ba a buga wani abu ba. In ana aiki ina ganinsa da kunne, har na manta da ƙirjin nan. In aka yi shiru, ba abin da nake ji sai numfashina." Ya huta. "Ita ma Injiniya ta yi fushi da ni? Na buga ba ta amsa ba."

Malama ta sunkuyar da kai, idonta ya cika. Ta hana kanta banɗaki, ta hana 'yarta wasa, ashe duk abin da ta yi shi ne ta bar tsoho shi kaɗai da ciwonsa.

"Akwai tayil guda ɗaya," ya ce, "layi na uku daga ƙasa, kusa da famfo. Na ji sanda ya manna shi. Bai ƙoshi ba."

Tana fitowa ta kira mai tayil. Ya ce yana wani gida can nesa, ya riga ya kwaɓa siminti, amma zai yi ƙoƙari ya zo gobe kafin azahar. Ta shiga gida ta sauko da cokali ta miƙa wa Injiniya. Yarinyar ta ruga ta buga sau biyu. Aka daɗe, sannan amsa ta zo, biyu, a hankali.

Malama ta tsaya tana kallon kayan da aka bari: shebur, kwanon kwaɓi, wata guntuwar guduma, da fasassun tayil a bokiti. Ta ɗaure zaninta da kyau. Ta zuba yashi a kwano ta shiga juya shi da shebur, ta kankare ƙasa, ta farfasa guntayen tayil da guduma a gindin bangon, Injiniya na biye da ita da cokali tana ba ta umarni. Malamar aji huɗu guda, zufa na zuba, tana aikin da ba aiki ba har hannunta ya yi bororo. Can sai ga Tela a bakin ƙofa, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Baba ya ce a gaishe da ma'aikata. Amma wai wannan leburan sabo ne, a sallame shi, a bar Injiniya."

Washegari da hantsi Baba Magini ya cika. Malama na shanya a tsakar gida ta ji kukan Tela ta kan katanga, kuka ɗaya gajere, daga nan sai takun mutane. Rigar da ke hannunta ta daɗe a hannun nata kafin ta rataye ta.

Mai tayil ya iso da injinsa a kafaɗa, ya tarar da mutane zaune a ƙofar maƙwabta. Ya sauke injin a falo bai kwance wayarsa ba. Malama ta faɗa masa saƙon, layi na uku, kusa da famfo. Ya shiga ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gininsa, ɗaya, biyu, uku. Na huɗun ya amsa kamar gwangwani.

"Allah ya jiƙan tsohon nan," ya ce. "Ta bango fa ya ji."

Bai taɓa guduma ba. Da bakin cokali ya bi gefen tayil ɗin a hankali har ya ɓamɓaro shi, ya kwaɓa siminti kaɗan a kwano, ya cika bayansa taf har kusurwoyi, ya mayar ya danna da tafin hannu. Sannan ya wanke hannu ya fita ya zauna cikin masu ta'aziyya.

Da yamma Malama ta ɗauko tawul tana neman Injiniya za ta yi mata wanka. A banɗaki ta same ta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, cokali a hannu. An faɗa mata Baba ya rasu, ta ce to. Yanzu ta buga bangon sau biyu, ta manna kunnenta a jikin tayil, ta ɗaga wa uwarta yatsa kada ta yi magana.

Malama ta zauna a kan bokitin fentin da ke kife, tawul a cinya, ta kasa kunne tare da ita.