Bakin Lofen Baba Ƙasimu

"Ba inda za ni," in ji Baba Ƙasimu, "sai Tanko ya miƙe min wannan."

Adaidaita sahu na tsaye a ƙofar gida tun hantsi, direban har ya gaji ya kashe inji. Sulaiman, babban ɗan Baba, ya zo daga Tarauni da jakar kaya da filas, zai kai shi asibiti a ba shi gado. Shi kuwa tsohon ya harɗe a kujerarsa ta ƙarfe a bakin zaure, numfashi na fita da ƙyar, yana miƙo min lofensa a cikin hankici.

Ni ne Tanko, mai gyaran agogo da tabarau. Shagona manne yake da gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi shekara goma sha tara, kuma ban taɓa ganin Baba Ƙasimu ba lofen nan a bakinsa ba, in ka cire sallah da cin abinci. Na wani farin dutse ne mara nauyi da ake haƙowa a Turkiyya. Wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, da ya yi wa tuƙi a Kantin Kwari ne ya bar masa, shekaru arba'in na hayaƙi suka mai da farin ruwan zuma. Taba kam ya daina tun da ƙirji ya fara damunsa, amma lofen yana nan a haƙoransa, wayam. In an yi magana ya ce likita taba ya hana shi, bai hana shi lofe ba.

Da safiyar nan tari ya sarƙe shi, lofen ya faɗo kan cinyarsa, bakin ya ɗan saki. Bakin da kan, ɗauri ne na murɗawa. Sulaiman ya ɗauka ya murɗe shi da ƙarfi kamar mai ɗaure tayar mota, ɗaurin ya zarce. Yanzu in ka cije bakin daidai, kan sai ya karkace gefe kamar hular ɗan tasha.

Sulaiman ya ce in ɗiga masa sufa gulu mu tafi, rana na yi. Raina ya ɓaci, don ba abin da na tsana irin mai ɓarna ya koya min gyara. Na ce masa in aka liƙe shi ya liƙu ke nan har abada, in kuma aka ƙara matsa masa, dutsen zai tsage kamar ɓawon ƙwai. Abin da lofen yake so siririn zobe ne na takarda tsakanin bakin da kan, don murɗin ya tsaya inda ya kamata.

Na yanko na jarida, ya yi siriri, kan ya wuce. Na yanko na kwalin ashana, ya yi kauri, kan bai iso ba. Baba na kallona, Sulaiman na kallon agogo. Inna Iyatu, matar Baba, tana tsaye daga cikin zaure da mayafinta.

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda mai ɗan kauri, ruwan bula. Ita ce wadda likita ya rubuta jiya cewa a kwantar da shi. Dukkanmu mun san abin da likitan ya faɗa wa Sulaiman a bakin ƙofa: ba sauran magani, sai dai a sa masa iska a hanci a jira ikon Allah. Sulaiman ya ɗauka tsohon bai ji ba. Ƙirjinsa ne ya lalace, kunnensa ras yake.

"Gwada wannan," in ji Baba.

Na kai almakashi gefe, inda ba rubutu. Ya girgiza kai, ya ɗora yatsa a tsakiya, kan hatimin.

"Baba, don Allah," in ji Sulaiman. "In ba wannan takardar ba za su karɓe ka ba."

"Na sani. Ni na gina gidan nan da kuɗin tuƙi, bulo ɗaiɗai. A nan aka yanke maka cibiya. Ba zan je in mutu a bayan labule, kusa da wanda ban san sunansa ba."

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na tausaya wa yaron, don ba mugunta ta kawo shi ba, tsoro ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na huda hatimin, na zagaye shi da almakashi, na zura zoben, na murɗa a hankali. Murɗin ya tsaya cak, kan ya miƙe. Baba ya karɓa ya cije, ya ɗaga haɓa yana duban titi.

Sulaiman ya zauna a dakali ya rufe fuska da hannu. Da ya gama kukansa ya sallami mai adaidaita, ya shigar da jakar cikin gida. Ni kam kwana uku bai amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Kwana tara Baba ya ƙara yi a duniya. Kullum sai an fito da shi kujerar nan. Mai kayan miya ya gaishe shi, masu zuwa masallaci su gaishe shi, ya amsa da ɗaga lofe. Ya rame har hularsa na rufe masa kunne, amma bai fasa yi wa masu babur faɗan gudu ba.

Ranar Talata bayan la'asar ina ɗaura gilashin wani tabarau na ji ya kira sunana. Na fito. Ya cire lofen, ya yi kalmar shahada a fili, kalma bayan kalma, ina ji Inna Iyatu na ji. Sannan ya mai da shi bakinsa ya jingina. Shi ke nan.

Sulaiman ya iso a guje. Da ya gan shi ya yi salati, sannan ya dube ni ya ce a hankali in cire abin nan in ɓoye kafin liman ya zo, kada a yi ta yawo da su cewa mahaifinsu ya cika da lofe a baki.

Kafin in motsa Inna Iyatu ta fito har bakin titi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"A faɗa mana," ta ce. "Da shi ya cika, kuma da kalma. Duk wanda ya tambaya a turo min shi."

Ta durƙusa ta shafa idanun mijinta, ta zare lofen daga haƙoransa a hankali. Ba ta ɓoye ba. Tana riƙe da shi a fili har liman ya iso ya yi mata gaisuwa, har maza suka ɗauki Baba suka shiga ciki. Sannan ta ɗaure shi a bakin zaninta, inda take ɗaure goro, ta bi bayansu.