Babin Kashe Inji

Injin yana lilo a jikin sarƙa, kamu biyu sama da bakin motar, lokacin da maƙwabcina ya saki abin ja ya dafe ƙirji. Sa'a ɗaya, abin ɗagawar mai riƙe kansa ne. Injin ya ɗan juya a iska, ya ɗigo da baƙin mai a kan siminti, ya tsaya.

"Lafiya?" in ji mai waldar da ke taya shi aikin.

"Shayi ne ya tsaya mini."

"Shayin safe ne yake tsaya maka da la'asar? Kai dai ka ce tsufa."

"Tsufan gidanku. Ja mu sauke."

Ni ina zaune a kujerar roba a gindin katanga, littafin injin a buɗe bisa cinyata. Aikina ke nan a wannan sana'a: karatu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da ɗakin karatu na wata kwaleji, na karanta abin da ya fi ƙarfin amfanina, ga shi ƙarshen ilimin ya tsaya a gaya wa bakanike ƙarfin da za a ɗaure noti.

Maƙwabcin nawa, Ƙafa-Waje ake kiransa a layinmu, domin shekara arba'in abin da mutane suka fi sani a jikinsa ke nan: ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin motar wani. Yana da wata ɗabi'a, ba ya shiga ƙarƙashin mota da takalmi. Sai ya tuɓe silifas ya jera su a gefen kwalin da yake kwanciya a kai, kamar mai shiga ɗakin surukai. In aiki na tafiya daidai, babban yatsansa na dama yana kaɗawa. Karatunsa bai wuce lambar sifana ba, don haka da ya samo injin dizal daga wata motar kaya da ta yi hatsari, da littafinsa na Turanci a cikin leda, sai ya ƙwanƙwasa ƙofata.

"Furofesa, zo ka yi amfani yau ɗaya."

Motar tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, ta girmi 'yarsa ta fari. Injinta na fetur ya buga shekara shida da suka wuce, tun daga nan take kan bulo a tsakar gidansa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya ce dizal ya fi jan tudu, kuma ya yi wa matarsa alkawarin zai kai ta wurin yayarta, can bayan duwatsu, inda hanya ta lalace har ƙananan motoci suka daina zuwa. Matar ba ta taɓa tuna masa alkawarin ba. Abin da take tuna masa shi ne wata farar takarda da ke maƙale a jikin firij: likitan zuciya ya ce a kwantar da shi ranar Litinin.

Injin bai zauna ba a ranar. Ƙafafun injin sun saɓa da mazaunin tsohon da kusan yatsa uku, kuma kaskon mai yana dukan ƙarfen ƙafar gaba. Mai walda ya yanka, ya ƙara, ya sake yankawa. Litinin ta zo ta same su suna huda faranti mai kauri da zai haɗa injin da giyabos.

"Litinin ai ba ta ƙarewa," in ji Ƙafa-Waje. "Wata na nan tafe."

Ranar Laraba da hantsi matarsa ta yi sallama a ƙofata. Tun rasuwar matata ba ta taɓa shigowa ba, kwano kawai take aikowa. Ta tsaya a bakin falo tana duban littattafan da suka cinye kujeru.

"Malam, alfarma na zo nema."

"Allah ya sa ina da ita."

"Shi ba ya iya karanta littafin nan. Abin da ka faɗa shi ne. Ka ce masa an rubuta wannan injin ba ya shiga irin motar nan. Ka ce zai fashe, ko ma mene ne. In ya haƙura zai je asibiti."

"Ba a rubuta haka ba."

"Na sani. Shi ya sa na ce alfarma."

Na ce mata zan duba. Wannan ita ce kalmar da na yi shekaru ina sallamar ɗalibai da ita.

Ya kamata in faɗi abin da ke raina, tunda ba wanda zai tambaya. Matata ta bi kowace takardar likita. Ranar da aka ce ta zo, ta zo da awa guda kafin lokaci, da katinta a cikin jaka. Kwana goma sha tara ta yi a gado na shida, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, tana tambayata ko na ba shukokinta ruwa. Ni na lallashe ta ta je. Na kawo mata hujjoji daga littattafai uku. Don haka da aka zo neman in yi wa mutum ƙarya domin a raba shi da tsakar gidansa a kai shi gado na shida, sai na ga ba ni da sauran hujja a hannu. Ban ce ina da gaskiya ba. Ina faɗin abin da na yi ne.

Da yamma na koma kujerata. Ƙafa-Waje ya fito daga ƙarƙashi yana haki, leɓɓansa sun yi toka-toka.

"Ta je wurinka ko?"

"Ta zo."

"Me littafin ya ce?"

Na dubi shafin. Matar tana bakin kicin, ta daina yankan albasa.

"Ya ce a wanke tankin sarai, kada ɗigon fetur ya rage."

Ya yi dariya har ta zama tari. Wuƙa ta ci gaba da sauka a kan katako, da ƙarfi fiye da yadda albasa ke bukata. Daga ranar kwano bai sake zuwa gidana ba.

Litinin ta biyu ta wuce a kan lagireto da tiyo. 'Yarsa ta bugo waya daga inda take aure, na ji muryarta tun daga kujerata.

"Baba, mota ce za ta yi maka aikin zuciya?"

"Uwata, kwana uku kawai. In ta tashi, da kaina zan tuƙa ta har ƙofar likitan, ya ga abin da ake kira aiki."

Ni mutum ne mai bin littafi daga farko zuwa ƙarshe. Da muka gama babin batir da na wayoyi, na juya shafi na ce, "Saura babin kashe inji."

"Tsallake."

"Shafi biyu ne kacal."

"Furofesa, wanda bai tashi ba ake kashewa? Wannan ba irin na fetur ba ne, ba shi da fulogi, makulli ba ya kashe shi. Waya ake ja masa daga gaban direba, zan sa ta daga baya. Kafin nan hannu kawai zan miƙa. Kai dai karanto mini yadda ake fitar da iska daga bututun mai."

Na tsallake. Shi ne babi na farko da na taɓa tsallakewa a rayuwata.

Ranar Alhamis da misalin sha ɗaya na safe, mai walda ya tafi wani aiki, mu biyu ne. Ƙafa-Waje ya sassauta notin bututun mai ɗaya bayan ɗaya, yana danna ɗan famfon hannu, kumfa na fita, har mai ya zo tas. Ya ɗaure. Ya leƙa ta taga ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Na biyu ma haka. A na uku ya yi tari sau biyu, ya tofo baƙin hayaƙi da ya kori kaji har kan katanga, sannan ya kama, da wata ƙara kamar ana dukan tukwane da guduma. Ba a riga an haɗa salansa mai rage ƙara ba.

Matar ta fito da hannu cikin kumfar wanki. Ya nuna mata motar da hannu biyu, bakinsa har kunne, yana faɗin abin da ba mai ji. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta rufe baki da bayan hannu tana dariya.

Sai ya hango ɗigo a ƙasa. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, alamar minti guda. Ya tuɓe silifas, ya jera su, ya ɗauki sifana mai lamba sha bakwai ya shige.

Muka tsaya ni da ita muna kallon ƙafafunsa, ba mu kalli juna ba. Yatsan yana kaɗawa. Na duba hayaƙin, na ga ya fara washewa daga baƙi zuwa fari, har na buɗe littafin in ga abin da hakan ke nufi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na ɗago, yatsan ya tsaya, ƙafar hagu ta kwanta gefe.

Ko ya kira, ba mu ji ba.

Ita ta fara kama ƙafar. Muka jawo shi tare da kwalin. Sifanar na hannunsa. Ihunta ban ji shi ba, bakinta kawai na gani, amma ƙarar injin ta riga ta tara maƙwabta. Wani mai kemis daga bakin titi ya durƙusa, ya taɓa wuya, ya danna ƙirji har gumi ya jiƙa rigarsa, sannan ya zauna a ƙasa ya girgiza kai. Aka ɗauke shi zuwa falo.

Injin bai san an yi ba.

"A kashe motar nan mana!" wani ya yi tsawa.

Matar ta fito, ta zura hannu ta taga ta murɗa makullin, ta zare shi gaba ɗaya. Injin ya ci gaba. Ta dubi makullin a tafinta, ta dubi motar. Wani direban tasi ya ce a sa giya a saki kuloci injin ya mutu, aka tarar ba a haɗa kulocin ba, motar ma a kan bulo take. Wani ya cire kan batir. Ko gezau. Aka buga wa mai walda, wayarsa na ta ringi a wani wuri. Mata na shigowa da salati, suna toshe kunne. Mutum ya mutu a ɗaki, ba a iya jin mai yi masa addu'a, kuma tanki cike yake, shi da kansa ya cika shi saboda tafiyar bayan duwatsu.

Na koma kujerata na ɗauki littafin. Hannuna bai yi rawa ba, na lura da hakan, ban kuma ji daɗinsa ba. Shafi na sittin da ɗaya. Zane ne na famfon mai, da kibiya tana nuna wani ɗan ƙarfe a gefensa, bai fi tsawon yatsa ba. Na tuɓe agogo, na zura hannu tsakanin tiyo mai zafi da fanka mai juyawa, na laluba. Na tura shi baya na riƙe.

Injin ya yi jijjiga, ya ja numfashi biyu, ya tsaya.

Sai kukan ya fito daga falo, sarai, kamar yanzu aka fara.

Matar na tsaye a bayana, makullin a hannunta.

"Ashe yana cikin littafin," ta ce.

"Yana ciki."

"Komai yana ciki."

Na rufe littafin. Ta miƙo mini makullin, ban san dalili ba, na karɓa. Ta shiga ciki.

Tsakar gidan ta koma ta kaji. Ɗaya ta sauko daga katanga tana taka kwalin, inda bayansa ya bar shaida a cikin baƙin mai. Injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa. Ɗigon da ya shiga nema yana nan yana sauka a hankali, kusa da silifas ɗin da ke jere, bakinsu na kallon mota.