An Cire Mana Ƙofa

…kuma wai in yi haƙuri. Ni ce ma zan yi haƙurin. Mai gida ya turo kafinta da rana tsaka, ina can gidan burodi hannuna dumu-dumu da ƙulli, a kwance ƙofar ɗakin da nake haya, a ɗora a kai a fita da ita — Baba na kwance a ciki, rabin jikinsa a shanye, yana kallo, ko hannu bai iya ɗagawa ba… sannan a ce ni zan yi haƙuri?

Bencin nan ma ƙafarsa ɗaya gurguwa ce. Ofishin ƙungiyar 'yan haya ke nan, a saman wani kantin magani, fanka na juyawa kamar an yi mata dole. Matar da ke gefena ta rungume bokiti, wai shi take tarawa in rufinta ya fara yoyo, ta zo da shi a gani. Ni me zan nuna? Ramin ƙusa?

Laifina ɗaya. Na ce bango na tsattsafo da ruwa. Ba a bina ko sisi. Katifar Baba ta yi baƙi ta ƙasa, fumfuna ta hau bango har taga, tarinsa kamar ana yaga tsumma — na ce wa wakilin mai gida a gyara. Ya gyara zaman hularsa. "Ƙanwata, in ɗakin bai yi miki ba, akwai masu jira." Ƙanwarsa… a gidan wa muka haɗu?

Zani na rataya. Zanin fita unguwa, shi ne ƙofarmu yanzu. Iska ta ɗaga shi ina cikin sauya wa Baba wando, masu zuwa famfo na wucewa, yara na leƙe. Baba fa. Direban babbar mota, mutumin da ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin kansa ba hula ba. Ya juya fuska bango. Tun ranar sai dai in kai cokali bakinsa ya datse haƙora.

Ina ne ban je ba? Wurin 'yan sanda — wanda na tarar yana sakace, ko ɗago kai bai yi ba, maganar haya ce, je ki kotu. A kotu aka ce samo lauya. Ofishin kula da gidaje, oga ya shiga taro, dawo gobe. Na dawo, oga ya fita duba aiki. Duba wane aiki? Ya zo ya duba nawa mana, ba sai ya ƙwanƙwasa ba.

Yayana kuwa, a waya: ki lallaɓa mutumin, kar ki ja mana magana. Mana. Yana can cikin gidansa mai get, uban nasa ne ake kallo tsirara, amma ni ce mai jan magana. Ka zo ka ɗauke shi, Yaya. Layin ba kyau, wai.

Ba don ma'aikaciyar jinyar nan ta ɗakin ƙarshe ba, da ban san da wurin nan ba. Ta ce akwai lauya, kyauta, ta ce doka ta hana a yi wa ɗan haya haka, za su iya sa a mayar. Ita ke zaune da Baba yanzu, kuma aikinta na yamma ne. In ta tafi fa? Mai gidan burodi ya riga ya ce gobe in ban zo ba… a'a. Ba yanzu ba.

Na haddace abin da zan faɗa. Tun a mota nake jera shi, bango, katifa, kafinta, ba kuka, ba rawar murya, in an ce dawo gobe zan kifar da teburin nan, wallahi zan —

Ni? Ni ake kira?

Lauyar 'yar siririya ce, da tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. Ta jawo min kujera da hannunta. Ta kashe wayarta, ta kife.

"Zauna, Yaya. Ba sauri. Faɗa min daga farko."

Ba wanda ya ce min haka. Duk yawon nan, ba wanda… Na buɗe baki. Ina faɗan da na zo da shi? Ƙafafuna ne kawai ke zugi. Daga farko… ina ne ma farkon?